Mutum Uku da Suka Fitar da Alhaji Sallau Daga Wuta

Ku gyara zama ku ba ni kunnuwanku, don labarin yau ba wanda ake ji a karkaɗe riga a tashi ba ne. In na kai ƙarshe, ni nawa bakin ya ƙare, hukunci ya koma hannunku.

A bayan garin wani babban birni akwai rukunin gidaje da ake kira Durumi, benaye shida masu hawa uku-uku, katanga ɗaya ta kewaye su. Shugaban mazauna wurin shi ne Alhaji Sallau, dillalin tayoyin mota, mutum mai son tsari da tsoron ɓarawo. Tsoron nasa kuwa da dalili, domin a tsohuwar unguwarsu an taɓa shiga gidansa aka ɗaure shi da igiyar shanya a gaban iyalinsa. Tun daga ranar bai ƙara yarda da buɗaɗɗiyar ƙofa ba. Shi ya sa aka ɗaga katangar Durumi aka zuba mata waya mai ƙaya. Shi ya sa aka yi wa ƙofar gaba rumfar siminti mai ado, wadda ƙaramar mota kaɗai ke iya wucewa ta ƙarƙashinta. Ƙofar baya kuwa, babba ce ta ƙarfe mai kauri, ya kulle ta, ya sa aka jibge bulo a bayanta, makullin yana aljihunsa. Tagogin gidansa da ke hawa na uku ma sai da ya sa aka yi musu ƙarafa ninki biyu na na kowa.

Ana nan sai hukumar tsara birni ta aiko da takarda. Sabuwar doka ce: duk rukunin gidajen da ya kewaye kansa da katanga, dole ya bar ƙofa ɗaya da motar kwana-kwana da motar asibiti za su iya shiga, kada a ajiye komai a gabanta, kuma a kai makulli ɗaya ofishin 'yan kwana-kwana mafi kusa. Alhaji Sallau ya karanta takardar a taron mazauna, ya ninke ta.

"Jama'a, makullin da ya bar hannunmu, wa ya san hannun da zai kwana?" in ji shi. "Mu bar ta a aljihun tebur. Dokoki nawa aka aiko aka manta?"

Kowa ya gyaɗa kai, sai mutum ɗaya. Malama Ladidi, tsohuwar shugabar makarantar firamare, ita ce sakatariyar ƙungiyar mazaunan.

"Alhaji, ka yi haƙuri," ta ce, "mun hana ɓarawo shiga. Mai ceto kuma ta ina zai bi?"

Wata uku ta yi tana bin gidaje ɗaya bayan ɗaya da kwafin takardar a jakarta, har aka sa mata suna Malama Doka. Da aka sake taro aka ɗaga hannu, ta yi rinjaye da mutum biyu kacal. Aka kwashe bulon, aka yanko makulli na biyu, ta hau adaidaita sahu da kanta ta kai shi ofishin kwana-kwana. Daga nan kuma ta zama mai gadin wurin: duk wanda ya ajiye mota a gaban ƙofar baya, za ta ƙwanƙwasa masa gida ko yana cin abinci. Alhaji Sallau ya ji abin a ransa. In sun haɗu a matakala, gaisuwarsa ba ta wuce kalma biyu.

Bayan wata takwas, wata Juma'a, ya tashi da zazzaɓi da mura. Matarsa Hajiya Uwani ta tafi suna wani gari da yara. Makanike ya zo da safe ya ɗauki motarsa don gyaran birki. Alhaji ya sha maganin mura mai sa barci, ya ce bari ya ɗan kishingiɗa kafin lokacin masallaci.

Tari ne ya tashe shi. Ɗakin ya cika da hayaƙi baƙi ƙirin. Tukunyar gas ce ta fashe a gidan da ke ƙarƙashin nasa. Ya kama hannun ƙofa, ya ji kamar ya kama garwashi. Ya lalubi taga ya riƙe ƙarafan nan nasa yana jijjigawa, ko motsi ba su yi ba. Ya buɗe baki zai yi ihu, hayaƙi ya riga muryar fita. Abu na ƙarshe da ya tuna shi ne sanyin daɓen a kumatunsa.

Sai a asibiti ya farka, da abin shaƙar iska a hanci, Hajiya Uwani na zaune tana jan carbi. Da bakinsa ya buɗe, tambaya ɗaya ya yi: "Hajiya, wa ya fitar da ni?"

Ya zaci suna ɗaya zai ji. Amma duk wanda ya zo dubiya sai ya kawo masa suna dabam. Abin ya tsaya masa a rai, har ya sa aka roƙo masa shugaban 'yan kwana-kwanan da suka zo ranar, ya zauna a gefen gado ya warware masa komai daki-daki.

Da motarsu ta iso ƙofar gaba, in ji jami'in, rumfar simintin ta hana ta shiga. Daga titi kuwa tsaninsu ba zai kai benen ba, ruwansu ma ba zai kai ba. Suka zagaya baya. Ƙofar nan, in da fasa ta za su yi, sai sun ci rabin awa a kanta. Amma tun daga ofis sun ɗauko makullin da aka rubuta wa Durumi a jiki. Murɗawa ɗaya ta buɗe, kuma babu ko keke a gabanta. Malama Ladidi ba ta ma garin ranar, tana can wajen 'yarta da ta haihu. Ba ta shaƙi hayaƙi ba, ba ta ga wutar da idonta ba. Amma ba don ita ba, da motar na waje har benen ya ƙone ƙurmus.

Da suka shiga, mata da yaran benen duk sun fito, ana ƙirga juna. Kowa ya rantse babu sauran mutum a sama. Maza suna masallaci, iyalin Alhaji sun yi tafiya, ga shi motarsa ba ta nan. 'Yan kwana-kwana suka juya kan tiyo zuwa hawa na biyu, babu mai niyyar hawa na uku. Sai ga Talle maigadi a guje, dattijo mai ɗingishi, wanda Alhaji Sallau da kansa ya gargaɗe shi cewa ranar da ya bar ƙofa ko na minti ɗaya, ranar aikinsa ya ƙare. Talle ba ya karatu, ba ya rubutu, amma duk wanda ya fita daga Durumi yana cikin kansa. Ya ga motar ta fita da safe, ya kuma ga makanike ne kaɗai a ciki. Ya riƙe rigar jami'in ya ce, "Ranka ya daɗe, Alhaji na sama. Ban ga fitarsa ba." Maƙwabta suka ce tsufa ne ke damunsa. Bai saki rigar ba sai da aka jingina tsani a tagar. Ƙofar da ya bari kuwa, kafin ya koma an shigo cikin hayaniya an tafi da baburan mutum biyu. Amma ba don shi ba, da an kashe wuta tsaf, a tarar da gawa da la'asar.

Da ɗan kwana-kwana ya hau tsanin, ya hango Alhaji kwance a ƙasa, ƙarafa sun raba su. Ya sa almakashin ƙarfe, ƙarfen ya fi ƙarfin bakinsa. Matakala kuwa wuta ta tare ta. A cikin 'yan kallo akwai Gambo mai walda, wanda rumfarsa ke jikin katanga ta waje. Ya makara zuwa masallaci, yana alwala zai bi sahun ƙarshe ya hango hayaƙi. Shi ya ƙera ƙarafan nan da hannunsa, ya san a wuri huɗu kaɗai suka kama bango, ya kuma san inda kowanne yake a ƙarƙashin siminti. Ya ɗauko guduma da kurfi ya ce a ba shi hanya. Mutumin da bai taɓa hawa abin da ya wuce rufin shago ba, ya hau tsani har hawa na uku, wuta na lasowa daga tagar ƙasa. Ya fasa uku, na huɗu ya banƙare shi da hannu, ƙarfen ya ɗauke masa fatar tafi. Ta nan aka zaro Alhaji. Akwai masu cewa ai shi ya ƙera kejin tun farko. Amma ba don shi ba, da ana kallon mutum ta taga har ransa ya fita.

Alhaji Sallau ya saurari bayanin har ƙarshe. Can ya ce wa jami'in, tun yana kwance a daɓen nan ya yi alwashi a zuciyarsa, in Allah Ya fitar da shi, zai kai wanda ya cece shi Makka. Kujera ɗaya ce ƙarfinsa bana, gobara ta ci sauran.

"Alhaji, mu ka cire mu," in ji jami'in. "Aikinmu ne, ba ma karɓa. Nemi mutuminka cikin ukun nan."

Da aka sallame shi ya bi su ɗaya-ɗaya, ko wani zai sauƙaƙa masa. Malama Ladidi ta ce ita takarda kawai ta bi, kuma ba ta san wa za ta amfana ba. Talle ya ce shi magana ɗaya ya faɗa, abin da ke damunsa shi ne baburan mutane. Gambo ya ɗaga hannunsa da ke naɗe da bandeji ya ce shi abin da ya ɗaure ya kwance. Babu wanda ya ce a ba shi kujerar, babu kuma wanda ya ce ba ya so, domin cikinsu ba wanda ya taɓa zuwa, kuma da ya ambaci Makka ya ga idon kowannensu ya kawo ruwa.

Ya kai maganar gida, Hajiya Uwani ta ce Gambo, shi ne ya sa ransa cikin haɗari. Ƙaninsa ya ce Talle, shi ne ya yi kasada da abincin bakin iyalinsa. Limamin Durumi ya ce a duba wadda ta sha zagi wata uku tun babu ko ƙyallin wuta. Ga ranar rufe rajistar maniyyata na matsowa, Alhaji Sallau na zaune da fom a gabansa, gurbin suna babu komai.

To jama'a, ga wadda ta buɗe hanya, ga wanda ya san akwai mutum a sama, ga wanda ya fasa ƙarfe. Sunan wa za ku ce Alhaji Sallau ya rubuta?