Lanƙwasar da Ta Ɓace a Shafin Malam Tsalha

Ku gyara zama, ga wata nan tafe. Wanda ya ce ƙarya ce, ya hau mota ya je ya tambaya, ni dai ba zan biya masa kuɗin mota ba.

A wani gari kan hanyar Gusau akwai wani mai kilishi, Malam Tsalha, wanda bai san komai a waya ba sai koren maɓalli da ja. 'Ya'yansa uku, Sagiru da Hafizu da Bara'atu, suka dame shi da cewa kilishin da ba shi da shafi a intanet, ƙuda kaɗai ya san da shi. Da ya gaji, ya sayi kwamfuta guda ya ce duk wanda ya fi yi masa amfani a wannan harka, tasa ce.

Sagiru ya riga kowa. Dandalin da yake gina shafi da shi na jawo-ka-ajiye ne: ka kamo hoto da yatsa, ka dire shi inda ranka ya so. Kafin la'asar shafi ya tashi, ja da ruwan gwal kamar ɗakin amarya, har daga Legas aka fara kira. Da kilishin raƙumi ya ƙare, Sagiru ya jawo jan tambari mai cewa ƘARE ya manna a kan hotonsa. A kwamfuta tambarin ya zauna daram. A waya kuwa ya zame ya je ya tsaya gaban kalmar "Kilishin" ya rufe "raƙumi", kuma salon rubutun da Sagiru ya zaɓa bai san lanƙwasar da ke kan harafin Ƙ ba. Duniya ta wayi gari tana karanta: Kilishin KARE.

Sarkin fawa ya aiko a kira mai kilishin.

"Malam Tsalha, yaushe ka fara?"

"Fara me, ranka ya daɗe?"

"Abin da ka rubuta wa duniya."

"Ni ko sunana ban iya rubutawa da boko ba!"

"To ka wanke kanka kafin Juma'a, ko ka bar mana rumfarmu."

Malam Tsalha ya koma gida yana leƙa bayan wayar, ko zai ga ta inda karen ya shiga.

Sai Hafizu ya karɓi magana. Shi ba ya jawo komai. Rubutawa yake yi da hannu a kan baƙin allo, layi bisa layi, kamar mai rubutun sha. Ya buɗe cikin shafin a gaban sarkin fawa da dattawa, ya nuna musu harafin nan kwance a ƙasa da lanƙwasarsa lafiya lau, rigar da aka sa masa, wato salon rubutun, ita ce ta ɓoye ta. Dattawa ba su gane ba, amma ganin yawan rubutun ya sa suka ce lallai akwai gaskiya a ciki. Rumfa ta tsira. Hafizu ya gina sabon shafi wanda ba ya zamewa a kowace waya. Aibinsa ɗaya: ko waƙafi ba mai iya taɓawa sai shi. Ya koma makaranta, shafi ya ci gaba da yi wa mutane barka da Sallah har watan Maulidi, masu saye kuma shiru.

Bara'atu ce ta ce a ba ta wuri. Dandalinta na ɗinkakkun riguna ne: ka zaɓi shafi gamamme, ka cika gurabe daga wayarka. Ta sa bidiyon raƙumi tun yana tsaye har ya zama kilishi, ta duba kowace lanƙwasa, ta koya wa uban sauya hoto da babban yatsa. Masu saye suka dawo har suka ninka na da. Sai dai rigar da ta zaɓa irin ta shafin mai takalman bakin tasha ce, shafukan biyu kamar tagwaye, don haka a kan kira Malam Tsalha a tambaye shi ko akwai lamba arba'in da biyu.

Ranar raba gardama, Hafizu ya ce, "Baba, ba don ni ba, da yanzu ba ka da rumfa."

Bara'atu ta ce, "Rumfar da ba mai zuwa, Yaya? Inuwa za mu ci?"

Sagiru ya yi miƙa ya ce, "Ku tambayi masu sayen me ya fara kawo su. Karena suka zo gani."

Malam Tsalha ya zauna rungume da kwamfutar, ya dubi wannan ya dubi wancan. Wayarsa ta yi ƙara, ya ɗauka, wata mata ta ce tana son sawu biyu, amma mai yaji.

To jama'a, kwamfuta ɗaya ce, kuma ba ta yankuwa kamar tsoka. Wanda ya jawo idon duniya da kuskure, ko wanda ya ceci rumfa, ko wadda ta dawo da ciniki: wa za a miƙa wa?