Baban Agogo Da Shafin Da Bai Juya Ba

Akwai wani dattijo mai gyaran agogo da 'yan layinsu ke kira Baban Agogo. Shagonsa ɗan tsukut ne: tebur ɗaya, kujera biyu, sai agogunan bango guda tara da masu su suka kawo gyara suka manta da su. Tun da waya ta shiga hannun kowa kasuwarsa ta kwanta. Yakan wuni bai ji sallamar mutum ba, daga shi sai ƙarar agoguna da wata tsohuwar kyanwa mai barci a kan akwatin batura.

Matarsa ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Ɗansu tilo yana aiki a wata ƙasa mai nisa, can ya yi aure, can aka haifa wa dattijon jika. Shekarar yarinyar bakwai, Hausarta ba ta wuce "sannu" ba. 'Yar Sakan yake ce mata, don ba ta iya zama wuri ɗaya, kamar siririn hannun agogo.

Duk Lahadi da la'asar ɗan yakan kira shi a bidiyo. Yarinyar ta yi ta zuba Turanci, ta nuna masa haƙorinta da ya fita, shi kuwa ya yi ta gyaɗa kai yana "fayin, fayin". In aka kashe wayar sai shagon ya fi ɗazu shiru. Abin na cin sa a rai: jininsa ce, amma bai taɓa sanin me take ce masa ba.

A shagon da ke jikin nasa akwai wata mata mai buga takardu, tsohuwar malamar Turanci ce da ta yi ritaya. Ta bango take jin "fayin, fayin" ɗin nan. Wata rana ta ce, "Baba, ka riƙa leƙowa mana. Kalma biyar kullum, kafin shekara ka ga kuna hira da jikarka."

Dattijon ya ɗago da gilashin gyara a ido. "Malama, ni da nake kwance agogon Turawa in ɗaure tun kina rarrafe? Turancinsu ne zai gagare ni? Na gode."

Jama'a, Baban Agogo mutumin kirki ne, amma wajen girman kai Allah ya hore masa. Ya je ya sayo tsohon ƙamus na Turanci da Hausa. Dabararsa ita ce ya duba kalma, ya kama ma'anar da idonsa ya fara faɗawa a kai, ya rufe littafi. Ƙananan haruffan da ke gaban kalmomi, su n. da v., ya ɗauka ado ne na masu ɗab'i.

Wata Laraba da hantsi saƙo ya shigo wayarsa. Ɗansa ya rubuta a sama cewa 'Yar Sakan ce ta buga da hannunta. Kalma huɗu ne: Grandpa, I miss you.

Ya kwafe su a takarda. Uku ya san su: kaka, ni, kai. Ta tsakiyar ce baƙuwa. Ya buɗe ƙamus, ya same ta a can ƙasan shafi. Ma'anar farko ta ce budurwa. Ya shafa furfurarsa ya ce wannan dai ba da shi ake ba. Ya sauko layi na gaba, ya ga kuskure, rasa, kasa ganewa. Nan shafin ya ƙare, shi ma nan ya tsaya.

Ya haɗa maganar a hankali: Kaka, na kasa gane ka.

Abin da yake tsoro ke nan, ga shi yarinyar ta faɗa da kanta. Ashe duk gyaɗa kan da yake yi ta gane bai san komai ba. Kunya ta rufe shi. Ya kifa wayar a tebur, ya yi wa kansa alkawari ba zai sake nuna mata fuskarsa ba sai ya iya Turanci.

Lahadi ta zo, wayar ta yi ta ruri, yana kallon ta har ta gaji. Da ɗan ya kira da murya kawai, ya ce, "Baba, lafiya kuwa?"

"Lafiya lau. Sabis ne ba kyau."

Haka aka yi Lahadi uku. Ya rame. Yakan zauna ya yi wa kyanwa hardar kalmomi, ita kuma ta yi hamma ta juya masa baya. La'asar ɗin Lahadi da ya saba jira ta koma lokacin da ya fi ƙi, ga agoguna tara suna tuna masa da ita a tare.

Ranar Litinin Malama ta shigo a sa mata batir a agogon hannu. Idonta ya faɗa kan takardar da ke ƙarƙashin gilashin tebur.

"Allah sarki! Jikar ce ta rubuto maka wannan?"

Ya so ya share, amma maganar ta yi masa nauyi. Ya ce, "Ita ce. Cewa ta yi ta kasa gane ni. Gaskiyarta ne."

"Wa ya fassara maka?"

Ya tura mata ƙamus ba tare da ya ɗago ba.

Malama ba ta yi dariya ba. Ta ja kujerar da ta daɗe ba wanda ya zauna a kai. "Baba, ka ga wannan n. ɗin? Yana nufin kalmar suna ce, shi ne budurwar da ka gani. Wannan v. kuma aikatau ne, kalmar aiki. A saƙon nan an ce ni, sannan kalmar, sannan kai, ka ga aiki ne. Har nan ka yi daidai. To amma aikatau ɗaya yakan ɗauki ma'ana uku ko huɗu, sai ka duba wa ke magana, da wa kuma yake yi. Ka ga aya a ƙarshen layin nan?"

Ya sa gilashi ya duba. Babu aya, waƙafi ne.

"To juya shafin."

Ya lashi yatsa ya juya. A saman sabon shafin, layin farko, an rubuta: yi kewar wani, ji begen wanda ba ya kusa.

Ya karanta sau uku. Gilashin ya jiƙe, dole ya cire shi. "Malama, kewata take yi?"

"Kewarka take yi, Baba. Kai kuma ka rufe mata ƙofa."

Bai jira Lahadi ba. Ya lissafa lokacin tashinsu daga makaranta a can, ya kira da kansa a bidiyo, karo na farko a rayuwarsa. Ɗan ya ɗauka ya ce, "Baba, ka wahalar da mu. Sati uku tana hardar wata magana da Hausa don ta faɗa maka. Jiya har kuka ta yi, wai ko saƙonta ne ya ɓata maka rai."

Yarinyar ta leƙo ta bayan kafaɗar babanta. Yau ba tsalle, ba surutu. Ta ja numfashi ta ce, "Kaka... ina kyanwarka."

Baban Agogo ya sunkuya zai ɗauko kyanwar ya nuna mata, har ya taɓa bayanta. Sai ya tsaya. Ya tuna da Malama: wa ke magana, da wa kuma? Ya dawo ya dubi fuskar yarinyar. Ba kyanwa take nema ba, harshe ne ya zame mata a kan kalmar kewa.

Ya yi dariya, hawaye na bin gemunsa. Ya dafa ƙirji ya ce, "Ni ma, 'Yar Sakan. I miss you."

Washegari tun kafin Malama ta gama buɗe shago ta tarar da shi a bakin ƙofa, ƙamus a hammata, biro a aljihu.

"Malama, kalma biyar ɗin nan, har yanzu akwai wuri?"

Darasi: Kada ka yanke hukunci a kan magana da rabin ma'anarta. In kana koyon Turanci, duba ko kalmar suna ce ko aikatau, ka karanta ma'anonin har ƙarshe, abin da ya shige maka duhu kuma ka tambayi wanda ya sani. Girman kai ya ci wa dattijon nan sati uku na hira da jikarsa, alhali amsar na bayan shafi, mai bayanin na bayan bango. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai wanda yake fushi yau a kan maganar da bai gama karantawa ba.