Waƙar da Aka Ba Ta Ajiya

An yi wata mata a Lahor, zamanin da silima ke baƙi da fari. Ba zan kama sunanta ba. Wanda aka riƙa rubutawa a allon silima ma ba shi aka raɗa mata ba. A gidan da ta tashi Nikki ake ce mata, wato ƙarama. Da shi za mu kira ta.

Ya 'yan uwa, ba hukuncin kiɗa da waƙa ne ya tara mu ba. Wannan malamai sun yi bayaninsa. Zancen amana ne.

Ubanta ya rasu tana goye. Uwarta ɗinkin kaya take yi wa wani kamfanin wasan dandamali. Tana da shekara goma uwar ta kai ta wani lungu a Ƙofar Bhati, gidan Ustad Rukan Din, tsohon mawaƙi. Ya saurari muryarta, ya ɗaura mata zare a wuyan hannu, ya sa mata mazarƙwaila a baki. Daga ranar ta zama almajirarsa, ta zama 'yar gida. Faranti ɗaya suke cin gurasar roti ita da 'yarsa Sugra.

Ustad ba gona, ba zinare. Abin da ya gada waƙoƙi bakwai ne na kakansa, waɗanda ba a taɓa rera su a bainar jama'a ba. A gidajen mawaƙa wannan ita ce dukiya. In za a aurar da 'ya zuwa wani gidan mawaƙa, uba kan koya wa ango waƙa ɗaya a matsayin gara. Darajarta kuwa ita ce kunnen waje bai taɓa jin ta ba.

Aka sa wa Sugra rana da wani saurayi daga Kasur, kan cewa sai ya gama koyo a gaban ubansa, shekara uku. Garar da aka yi magana a kai ita ce babbar waƙar gidan. Sugra tana son sa. Sau biyu ta leƙa shi ta bayan labule, ta ishi Nikki da zancen gashin bakinsa.

Sai tari ya kama Ustad. Ya ji tsoron ya mutu da waƙar a ƙirjinsa.

Sugra ta ce, "To, Abba, ka koya mini mana. Ai garata ce."

Ya ce, "Ke? Allah ya ba ki hannun girki. Amma in kika buɗe baki, hankakin unguwar nan ma ƙaura za su yi."

Ya juya ga Nikki, dariyar ta bar fuskarsa. "Ajiya zan ba ki. Ba taki ba ce. Ni ma yanzu ba tawa ba ce, ta yayarki ce. In na faɗi kafin biki, ke za ki miƙa wa ango."

Ta rantse da Allah sau uku ba wanda zai ji ta daga bakinta.

Wata huɗu yana koya mata, tagogi a rufe. A tsakiyar waƙar akwai wata gaɓa da murya ke hawa sama har ta yi siriri. In sun zo nan sai ya ɗaga hannu. "Kada ki matsa. Akwai inda ake satar numfashi. Sai maƙogwaronki ya ƙara ƙwari zan gwada miki."

Kafin ya gwada mata, kamfanin da uwarta ke wa ɗinki ya nemi yarinya mai murya. Nikki ta hau dandamali tana da shekara sha bakwai. Tana waƙa, tana rawa, tana kukan da ba nata ba, jama'a na zuba mata furanni. Ba a rufa shekara ba masu fim suka zo. Ustad bai so ba, bai kuma hana ba. Cewa ya yi, "Ki je. Abin gida ki bar shi a gida."

Fim na farko ya kwanta, bai yi kasuwa ba. Na biyu ma ya kwanta.

Ana shirin na uku, darakta, Malik Sarfaraz, ya tara su a ɗakin kiɗa. Ya fara da mai tsara waƙoƙi.

"Masta, sati uku kana tauna ganyen pan kana danna harmoniya. Abin da ka fitar ko jaki ba zai kaɗa kunne ba."

Masta ya ce, "Malik Sahib, shayin ɗakin nan ne. Ka taɓa ganin an sha wannan an yi abin kirki?"

Malik bai yi dariya ba. Ya dubi Nikki. "Ke kuma, Bibi, biyu kin kwantar. Ga 'yan mata goma can a bakin ƙofa, kowacce ta fi ki ƙuruciya. In wannan ya kwanta, ki koma ki taya uwarki zura allura."

Ta san abin da ke ƙirjinta. Ta ce wa kanta baiti ɗaya ne. Ta ce za a canza kalmomin. Ta ce Ustad ko ƙofar silima bai taɓa takawa ba.

Ya 'yan uwa, ba haka Shaiɗan yake zuwa ba? Ya taɓa ce wa mutum ci amana? Cewa yake yi kaɗan ne, ba wanda zai sani.

Ta buɗe baki ta rera.

Masta ya daina tauna. Ya ce, "Ina kika samo wannan?"

Ta ce, "A kaina ta zo."

Suka ɗora mata kalmomin soyayya, suka ƙara ganguna, suka buga a faifai da sunan Masta. Gaɓar nan mai hawa, Nikki ta matsa mata da ƙarfin tsiya har ta kai. Fim ya yi mako hamsin a silima. Aka kafa hotonta a mahadar titunan Lakshmi Chowk, ya fi bene tsawo.

Ustad yana zaune gaban wanzami, an aske masa rabin fuska, mai shayin da ke gefe ya ɗora faifai a garmaho. Ya saurara har ƙarshe. Ya tashi da kumfar sabulu a kumatunsa ya tafi gida.

Bayan kwana tara kawun ango ya zo daga Kasur. Ko nonon lassi da aka ajiye masa bai taɓa ba. Ya ce, "Ustad, ba mu da mugun nufi. Amma mai keken dokin da ya ɗauko ni daga tasha ita yake rerawa. Me za mu kai gida?"

Aka fasa auren.

Ustad ya ɗauki sandarsa ya tafi inda ake ɗaukar fim. Ya tsaya a rana tun hantsi har azahar. Da Nikki ta fito, 'yan jarida uku na biye da ita, suna tambayarta yadda waƙar ta zo mata. Ta gan shi.

Bai zage ta ba. Bai ambaci Sugra ba. Ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Nikki, ba a nan ake shan numfashi ba. Na ji faifan. Kina yi wa kanki illa. Ki zo gida in gyara miki."

'Yan jarida sun kasa kunne. In ta ce to, ta yarda waƙarsa ce. In ta yarda, gobe jarida za ta ce ɓarauniya.

Ta ce, "Baba, ban gane abin da kake faɗa ba." Ta dubi mai gadi. "A ba shi ruwa, rana ta buge shi."

Ta shiga mota.

Wane ne ya hana ta komawa washegari, ba 'yan jarida, ba kowa? Lungun bai gudu ba. Sau nawa motarta ta wuce ta Ƙofar Bhati? Kullum sai ta ce sai an gama wannan fim.

Shekara goma sha ɗaya tana sama. Fim talatin da wani abu. Ta gina gida, ta yi aure, ta fita. Duk garin da aka buɗe fim ɗinta sai ta hau dandamali, kuma ba a barin ta sauka sai ta yi waƙar nan. Wani lokaci sau uku a zama ɗaya. Masu tsara waƙa suka gane hawan nan shi jama'a ke so, kowa ya riƙa cusa mata irinsa. Ita kuwa tana matsawa, a inda ba a matsawa.

Da fari zafi ne da safe. Sai ya zama ba ta iya magana sai ta sha ruwan ɗumi da zuma. Ran nan ta yi tari ta ga jini a hankici.

Likita ya ce ta yi wata shida ba waƙa, ba magana. Ta yi kwana goma sha biyu. Ta ji an ba wata sabuwar yarinya fim ɗin da aka yi mata alkawari, ta koma.

A Multan abin ya faru, wasan la'asar, zaure cike. Ta zo gaɓar nan, ta ɗaga hannu yadda ta saba, muryar ta tsage. Ta sake ɗauka. Iska kawai ta fito.

Wani daga kujerun baya ya ce, "A sa faifai, ita ta je ta huta."

Wani ya ce, "Goggo, a kawo miki kujera?"

Aka yi dariya. Ɓawon lemo ya faɗo kusa da ƙafarta. Aka ja labule tana tsaye.

An yi mata aiki a maƙogwaro. Abin da ya rage mata wata murya ce ƙasa-ƙasa, sai an kara kunne. Fim biyu aka yi tana motsa baki wata na rerawa. Daga nan aka ba ta uwar jaruma. Daga nan ba a kira ba. In ta je neman Malik Sarfaraz sai ya aiko mata cewa yana wanka.

Sai a lokacin ta tuna akwai mutum ɗaya da ya san maƙogwaronta. Ta ce wa kanta zai gyara. In ma ba zai gyara ba, ta faɗi a ƙafarsa ya yafe. Ta yi wata biyu tana ɗaura niyya tana kwancewa. Ran da ta tafi, ta lulluɓe fuska, ko da yake ba wanda ya waiwaye ta.

Sugra ce ta buɗe ƙofa. Gashinta ya fara fari. A bayanta keken ɗinki ne a inda harmoniyar Ustad take a da.

Nikki ta ce, "Yaya."

Sugra ta dube ta daga sama har ƙasa. "Ɗaga murya, ba na jin ki."

"Iyakarta ke nan. Abba fa?"

"Yau kwana goma sha tara da rasuwarsa."

Nikki ta dafa bango. Ta zame ta zauna a dokin ƙofa.

Can ta ce, "Ya bar mini magana?"

"Shekara biyu yana cewa a bar ƙofa a buɗe, za ki zo. Daga baya ya daina tambaya."

"Ya yafe?"

"Bai ce ba. Ni kuma ba zan ɗora masa abin da bai faɗa ba."

"Sauran waƙoƙin, wa ya ba?"

"Ba kowa. Almajirai sun zo, ya sallame su. Duk shidan suna can tare da shi."

Nikki ta kama ƙafarta. "Ke fa, Yaya? Don Allah. Ke kina nan."

Sugra ta janye ƙafar a hankali. "Shi mutumin Kasur 'ya'yansa biyar. Ina jin labari. Ki tashi, ana kallon mu, ga ɗinkin mutane ban gama ba."

Ta rufe ƙofa.

Daga nan Nikki ta shiga neman inda za ta mai da ajiya. Ta je gidan jarida, ta ce a rubuta waƙar nan ta Ustad Rukan Din ce, ita ta sata. Wanda ta tarar saurayi ne, bai san ta ba. Ya ce, "Hajiya, wace waƙa?" Ta je kamfanin faifai, aka ce an daina buga wannan tuni. Ta nemi Masta, aka ce shanyewar jiki ta kama shi, ba ya magana. Ta je maƙabarta ta durƙusa gaban kabari tana faɗa da 'yar muryar da ta rage. Wa zai amsa mata a can?

Ta sai da gida, ta koma ɗakin haya. Duk Alhamis sai ta zo dokin ƙofar nan ta zauna. Wani lokaci Sugra ta turo mata roti da miyar wake. Ba ta taɓa cewa shigo ba. Shekara shida a haka.

Ta mutu a asibitin gwamnati. A takardar da ta cike, wurin dangi, sunan Sugra ta rubuta. Aka aika, Sugra ta zo, ita ta yi mata wanka. Matar da ke zuba mata ruwa ta ce, "Baiwar Allah, tunda ga ta kwance, kin yafe mata?"

Sugra ta ce, "Ruwan nan ya huce. A ƙaro mai ɗumi."

Abin da aka ji daga bakinta ke nan.

Ya 'yan uwa, kada ku tsaya kan muryar da ta tafi. Murya dama mai tafiya ce, ta kowa. Ku dubi rantsuwa uku da sunan Allah, da aka sayar saboda tsoron a ce koma ɗinki. Ku dubi tsoho a rana, an cuce shi, ya zo da gyara, aka ce a ba shi ruwa. Ranar nan ƙofar tuba a buɗe take, da ƙafarta ta zo har gabanta. Ta ce gobe. Goben ta ci fiye da shekara goma sha ɗaya, ta makara da kwana goma sha tara.

Laifin da ke tsakaninka da Ubangijinka, ka roƙe shi, mai gafara ne. Haƙƙin mutum kuwa sai mai shi. In ya riga ka kwanciya, wa za ka roƙa?

Kowa a nan akwai abin da aka sa a hannunsa. Wani sirrin aboki, wani kayan maraya, wani sana'ar da maigida ya koya masa da yarda. Akwai kuma wanda yake da ƙofar da ya san ya kamata ya ƙwanƙwasa, yana ta wuce ta. Ban san ko mai gidan yana nan har yanzu ba. Kai ma ba ka sani ba. Ka je yau.

Ya Allah, kada ka ɗauke mu da ajiyar wani a wuyanmu. Ka ba mu ikon neman gafara tun masu ita na numfashi. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.