Ɓerayen Yabawa da Ɗan Raƙumin Babanta

Akwai wata ɗaliba ƴar Gure mai suna Yabawa, tana shekarar ƙarshe a jami'a. Bincikenta a kan ƴan ɓeraye farare ne na ɗakin gwaji: shin gudu tun suna ƙanana yana ƙarfafa zuciyarsu?

Yabawa akwai ƙwaƙwalwa, akwai kuma gaggawa. Tun ranar farko ta sa ɓerayen gudun awa guda a kan na'ura. Cikin mako biyu suka rame, uku suka mutu. Malaminta ya ce saura dama ɗaya, in ta sake, shekarar ta tafi.

Ta zo hutu gida ba walwala. Mahaifinta Burahima, mai kiwon raƙuma, ya tambaye ta abin da ke damunta.

"Baba, wannan zancen lakwal ne, na karatun boko, ba na raƙuma ba," ta ce, ko kallonsa ba ta yi ba.

Tsohon bai ji haushi ba, dama ya riga ya ji labarin ɓerayen. Da safe ya ce ta raka shi. Ya ja wani ɗan raƙumi har rijiyar bayan gari, ya juyo da shi.

"Har an gama?" in ji Yabawa.

"Na yau ke nan, ɗiyata. Mako mai zuwa mu kai kwarin lambu. Tafiya mai nisa irin ta garin Alakos kuwa sai bayan wata uku." Ya ɗora hannunta a ƙirjin ɗan raƙumin. "Wanda aka ɗaure tun yana ƙarami, numfashinsa gajere ne. Wanda aka yi wa gaggawa, a hanya yake durƙushewa."

Kunya ta rufe ta, wallahi abin tausayi.

Da ta koma, gudun minti biyar ta fara sa sababbin ɓerayen, tana ƙarawa kaɗan-kaɗan, da ranakun hutu. Bayan mako takwas ba wanda ya mutu, kuma awo ya nuna zuciyarsu ta fi ta waɗanda ba su motsa ba ƙarfi.

Ranar kare binciken aka tambaye ta inda ta samo tsarin. Ta ce, "Wurin babana, bai taɓa shiga aji ba."

Tana fitowa ta kira shi tana hawaye. Ya yi dariya ya ce, "To, ɓerayen naki sun kai Alakos?"

Darasi: Kada karatu ya sa ka raina sanin iyayenka, kuma ƙarfi a hankali ake gina shi. Ku tura wa duk wani mai gaggawa da kuka sani.