Zakara da Batura Biyu

An yi wani Zakara mai son a gani a yaba. Maƙwabciyarsa wata tsohuwar Agwagwa ce, wadda ba ta yin abu sai ta tuna da gobe.

Ana tsakiyar marka shaho ya sure matar Zakara, ta bar ƙwai a akurki babu mai kwanci. Abin da ya rage masa shi ne gulob ɗaya na lantarki mai ba ƙwan ɗumi, da batura biyu da sola ta cika kafin hadari ya rufe sama. In wutar ta ƙare rana ba ta fito ba, ƙwan sun mutu.

Agwagwa ta ce, "Ɗan nan, ajiye baturan kafaɗa da kafaɗa, ka haɗa kai da kai, gindi da gindi. Hasken ba zai yi yawa ba, amma za su raba nauyin, su daɗe."

Zakara ya gwada, ya ga haske ja-ja, ya taɓe baki.

"Haba Gwaggo, wannan ai aci-balbal ce. So kike unguwa ta ce na kasa riƙe marayuna?"

"Unguwa ce za ta ƙyanƙyashe maka su?"

"Ke dai tsufa ya sa miki rowa."

Ya jera baturan kamar na tocila, kan wannan a gindin wancan. Nan take akurki ya haske fes, kaji suka taru suna sambarka. Gogan naka har da karkaɗe fiffike.

Agwagwa ta ce, "Ƙarfin ne ya ninka, ba abin da ke cikinsu ba. Gulob ɗin nan zuƙarsu yake yi."

Babu wanda ya saurare ta.

Washegari hasken ya koma ja, ya yi ƙifi-ƙifi, ya mutu. Ruwa kuwa ko alamar tsagaitawa babu. Zakara ya ruga wajen Agwagwa.

"Gwaggo, don Allah zo mu mayar yadda kika ce."

"Me ya saura a ciki da za mu mayar?"

Abin tausayi, sai ya hau ƙwan da kansa, ga shi bai iya kwanci ba. Ɗaya ya fashe a ƙarƙashinsa, sauran suka yi sanyi ƙalau. Ya fita cikin ruwa ya yi ta cara ko rana za ta ji ta fito, har muryarsa ta dishe. Ran da ta fito, babu ɗan tsako ko ɗaya da zai sha ta.

Darasin wannan labari shi ne, batura a jere ƙarfi suke ƙarawa, kafaɗa da kafaɗa kuwa daɗewa. Wanda ya ƙone guzurinsa don idon mutane, ranar kuka shi kaɗai zai yi.