Layin da Auta Ya Goge

Akwai wani saurayi da kowa a gidansu ke kira Auta. Ya yi shekara takwas a nesa, da ya dawo ya tarar mahaifinsa ya yi wata biyar da rasuwa.

Tsohon ya bar masa wasiƙa da rubutun hannunsa. Ruwa ya taɓa takardar har ta fara lalacewa, sai yayarsa ta sa aka ɗauki hotonta aka mayar da ita PDF, ta tura masa.

Shafi biyu ne, duk addu'a da nasiha. Amma a tsakiya akwai layi ɗaya: "Kullum waya na kusa da ni, ba ka kira ba."

Auta ya so ya buga wasiƙar ya rataye a ɗaki, amma ba da wannan layin ba. Kwana uku yana gaban kwamfuta yana neman manhajar gyara. Wata ta manna tambarinta a tsakiyar shafi. Wata ta ce rubutun hannu hoto ne, ba ta iya taɓa shi.

Yayarsa ta leƙo. "Gwanin kwamfuta, layi ɗaya ne ya kayar da kai? Ka bar shi yadda Baba ya rubuta."

"Yaya, ke dai ki sa ido."

A rana ta huɗu ya dace da mai kyau. Ya shafe layin, ya matso da na ƙasa, ko alama babu. Ya buga, ya sa a firam, ya kai wa mahaifiyarsa, Inna.

Idon Inna ya yi rauni, ta ce ya karanta mata. Yana kaiwa tsakiya ta ɗaga hannu.

"Ka tsallake."

"Ban tsallake ba, Inna."

"Ina gefensa ya rubuta ta. A nan ya ajiye biro, ya daɗe yana kallon ƙofa. Na ce ya soke kada ranka ya ɓaci. Ya ce a'a, bari Auta ya san an yi kewarsa."



"Ba faɗa yake maka ba," in ji Inna. "Nasiha kowane uba yana yi. Wannan layin kuwa naka ne kai kaɗai."

Ya koma ɗaki, ya buɗe wadda Yaya ta turo, ya buga ta yadda take. Ya dawo ya durƙusa gaban Inna, ya karanta daga farko. Da ya zo kan layin ya tsaya, Inna ta ƙarasa masa.

Darasi: Manhaja na iya goge layi a takarda, amma ba ta dawo da kiran da ba ka yi ba. In iyayenka na raye, kira su yau. Tura wa ɗan'uwanka da ke nesa da gida.