Barcin da Malam Ilu ya samu

Ƙawata Asabe, matso kusa ki ji abin da ya hana ni sukuni cikin takabar nan.

Kin san yadda ƙurar auduga ta cinye ƙirjin maigidana Malam Ilu. Likita ya ce sai dai addu'a. Bawan Allah ko kwanciya ba ya iya yi, a zaune yake gyangyaɗi yana neman numfashi.

Babban ɗanmu Tasi'u, mai fataucin yadi zuwa ƙasar Sin, ya bar kasuwancinsa ya bi shagunan masu maganin gargajiya na can, har wani tsoho ya ba shi wani irin naman kaza ja mai sheƙi, mai tauri kamar itace, da ke fitowa a jikin ruɓaɓɓen kututture. Tsohon ya ce su da shi suke neman sauƙin tari da rashin barci.

Ni kuwa da ya iso na daka rabinsa na zuba a miyar kuka, yadda muka saba da namu. Ɗaci ya ɓata tukunyar. Sai 'yarmu Hanne, wadda ta taɓa yi wa 'yan Sin masu aikin titi girki, ta baro ɗakinta da tsohon ciki, ta yayyanka ragowar siri-siri, ta wuni tana dafa shi a tukunyar ƙasa har ruwan ya koma rabi.

Malam ya ƙi sha. Ya ce ba zai gamu da Ubangijinsa da abin da bai san halaccinsa ba. Ɗanmu Mudi kafinta ya je ya tambayo malamai, suka ce halal ne, ya dawo ya riƙa kurɓa a gabansa kullum duk da ɗacin, har uban ya karɓa.

Bai warke ba, Asabe. Amma ya miƙe ƙafa ya yi barci, ya yi sallar asuba a tsaye. Da ya sallame ya ce: "Wanda ya kawo mini barcin nan, Allah ya yi masa albarka duniya da lahira." Kafin a tambaye shi wa yake nufi, rai ya yi halinsa.

Yanzu su ukun ko gaisuwa sai a daƙile. Sun ce in na fita takaba ni zan raba gardama, kuma duk wanda na ambata na rasa biyu.

To, wane ne a cikinsu mai wannan albarka? Ki yi tunani ki faɗa mini, amma don girman Allah maganar nan ta tsaya tsakanina da ke.